Wai A Nan Ba A Kwana A Waje?

 Na roƙi Edita ya ba ni fili a wannan fitowa saboda wata magana da nake yawan ji a bakin manyanmu, wadda ta kai ni maƙura. Duk sa'ad da aka ta da zancen kuɗin haya da korar 'yan haya, ko a taron dattawa ne ko a sakatariyar ƙaramar hukuma, sai wani ya gyara zama ya ce: “Ai wannan matsalar Legas ce da Abuja. Mu nan ƙasar Gwandu ba a kwana a waje.” Sai kowa ya gyaɗa kai, a wuce zuwa magana ta gaba. Ni kuwa na zo in ce wannan magana ƙarya ce, ƙarya mai daɗin ji, kuma da ita ake toshe bakin matalauta a hana su abin da ya kamace su.

Bari in fara da abin da idona ya gani. Akwai wata 'yar'uwa, ba zan faɗi sunanta ba, wadda suka taso daga ƙasar Zuru ita da maigidanta da 'ya'ya huɗu sa'ad da 'yan bindiga suka hana su noma. Suka kama ɗaki ɗaya a Jega. Shi yana dakon buhunan albasa da shinkafa, ita tana tuyar ƙosai da safe. Shekara biyu suna biyan haya ba fashi. A ta uku ciwo ya kwantar da shi, ɗan abin da suka tara ya tafi a magani, daga baya kuma ya rasu. Wa'adin haya ya cika a tsakiyar damina. Mai gidan ya aiko sau biyu, a na uku ya zo da kafinta aka cire ƙyauren ɗakin. Da ta rataya zane a ƙofa ta ci gaba da zama, bayan mako guda aka hau aka ɓalle kwano biyu daidai saman gado. Ta durƙusa ta ce, “Baba, ka yi mini haƙuri zuwa kaka.” Ya ce, “'Yata, ni ma ba haƙuri ake dafawa a gidana ba.”

An yi baiko na musamman ran Lahadi, zumuntar mata ta ƙara nata, abin da aka samu bai kai rabi ba. Kafin a sake zagayowa an riga an sa wani a ɗakin. Yara maza biyu, wani manomi da ya san ubansu ya ɗauke su zuwa Kashin Zama, suna taya shi ban ruwan albasa. Babbar 'yar, wadda take aji biyu a ƙaramar sakandare, aka kai ta aikatau Birnin Kebbi. Uwar da autanta suna shimfiɗa tabarma a shagon wata tela bayan an tashi aiki, su naɗe kafin gari ya waye. To, a lissafin manyanmu babu wanda ya kwana a waje a cikinsu. Haka ne. Amma gida guda ya watse, yara uku sun bar makaranta, duk a kan kuɗin da bai kai na buhun albasa biyu ba a lokacin tsadarta.

Haka rashin muhalli yake a ƙasarmu. Ba ya kwana ƙarƙashin gada inda ɗan jarida zai ɗauki hotonsa. Yana kwana a zauren maƙwabci, a kangon da ba a gama gini ba, a rumfar kasuwa, a barandar majami'a da ta masallaci, a ɗakin da mutum tara ke kwance kai da ƙafa. Kunya tana rufe shi, zumunci kuma ya haɗiye shi. Zumunci abu ne mai kyau, ban raina shi ba, gama in ba dominsa ba da mun ga abin da ya fi haka. Amma hukuma ta mai da shi uzuri. Da yake matalauta suna ɗaukar junansu a kafaɗa, sai gwamnati ta duba ta ce ai babu wanda ya faɗi.

Mu duba tarkon kansa. Wa ke zaman haya a garuruwan nan namu? Ɗan dako, mai kabu-kabu, lebura, mai wanki da guga, malamar makarantar kuɗi da ake biyanta abin da bai kai mafi ƙarancin albashi ba, gwauruwa mai ɗan talla, da wanda ya gudo daga Danko-Wasagu ko Sakaba da rigar jikinsa. Dukansu kullum-kullum suke samu, ko mako-mako. Amma mai gida shekara yake so, a dunƙule, tun kafin ka shimfiɗa tabarma, ga kuma la'adar dillali a kai. Mutumin da zai iya fitar da naira 5,000 kowane wata ba tare da ya ci bashi ba, shi ake ce wa ya kawo 60,000 yau ko ya kwashe kayansa. Kuɗin ɗaya ne a lissafi, amma a aljihun talaka tsakaninsu akwai tafiyar kwana da kwanaki. Wanda ya daure ya yi adashe wata goma don ranar haya, zazzaɓi ɗaya na yaro ya isa ya rushe shi. Ga kuma wani abu: tun da aka kafa jami'ar jihar a Aliero a 2006, ga kwalejin koyon aikin lafiya a Jega, ɗakin haya ya sami sababbin masu nema. Ɗalibai huɗu su haɗa kuɗi su biya abin da magidanci ɗaya ba zai iya ba. Ba laifin ɗaliban ba ne, jami'a kuwa alheri ce ga gari, amma babu wanda ya zauna ya yi tunanin inda iyalin da aka ture za su koma.

A kan wannan tarko kuma aka yi ta ɗora nauyi. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa ta rushe gidajen ƙasa a sassa da yawa na Jihar Kebbi, mutanen da ke zaune a gidajen iyayensu suka wayi gari suna neman ɗakin haya. A watan Yuni na 2021 aka kashe mutane da yawa a ƙauyukan Danko-Wasagu, a cikin watan kuma aka kwashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, tun daga nan ƙafa ba ta daina fitowa daga kudancin jihar ba. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Nijeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da yawa, a Kebbi kuwa abin ya haura kashi 80. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: ran 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, siminti da kwano suka tashi, masu gidaje suka bi su da kuɗin haya. Mu mutanen Aliero an san mu da ɗori, amma wannan karayar babu mai ɗorin da aka ajiye mata.

Wani zai ce, ai gwamnati tana ƙoƙari a kan gidaje. To, mu duba ƙoƙarin. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991 gwamnatoci sun gina rukunin gidaje a Birnin Kebbi, kamar na Gesse da na Gwadangaji. Madalla. Su wa ke ciki? Masu albashi. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake cire kashi biyu da rabi cikin 100 na albashin ma'aikaci don ya sami rancen gida daga bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya. Wannan ma galibi sai mai takardar albashi. Ɗan dako ba shi da ita, mai ƙosai ba ta da ita. Duk wani shirin gidaje da muka sani a ƙasar nan an ɗinka shi ne daidai jikin wanda ya riga ya sami inda zai kwana, yana neman wanda ya fi shi. Wanda ke bakin ƙofa za a wurgo kayansa waje, shi ba a yi masa ko hula ba.

Sai kuma shinkafa. Duk lokacin da abu ya yi zafi, a kira 'yan jarida, a jera buhuna, a raba mudu-mudu. Ina tambaya, wadda aka cire wa kwanon ɗaki, a ina za ta ajiye shinkafar, a wane murhu za ta dafa ta? An kuma yi rabon kuɗi. Gwamnatin Buhari ta riƙa ba wasu gidaje naira 5,000 a wata. A Oktoban 2023 gwamnatin Tinubu ta ƙaddamar da biyan naira 25,000 na wata uku ga gidaje miliyan 15, a Janairun 2024 aka dakatar da ministar da ke kula da shirin, aka tsayar da shi na wani lokaci saboda zargin almundahana. Ku lura da abu ɗaya. Naira 75,000 ɗin nan da za ta faɗo a hannun 'yar'uwar da na ba ku labari a makon da aka cire mata ƙyaure, da har yau tana ɗakinta, 'yarta tana aji. Ashe kuɗin akwai su. Abin da babu shi ne ƙofar da mutum zai ƙwanƙwasa a ranar da ya shiga uku. Taimakonmu yana zuwa ne ranar da mai bayarwa ya shirya, ga wanda sunansa ya shiga jerin sunaye tun bara, ko yana cikin matsi a ranar ko ba ya ciki.

Yanzu ga maganar doka, gama yawancinmu ba mu san haƙƙinmu ba, wasu masu gidaje kuma sun sani suna take shi. A dokar karɓar gida daga ɗan haya da ake aiki da ita a Abuja, in ba a rubuta wata yarjejeniya dabam ba, mai biyan wata-wata ana ba shi notis na wata guda, mai biyan shekara-shekara notis na wata shida, bayan ya cika a ƙara masa na kwana bakwai, sa'an nan mai gida ya tafi kotu. Dokokin da jihohin Arewa suka gada kusan tafiyarsu ɗaya da wannan. Wanda wa'adin yarjejeniyarsa ya riga ya cika yana iya samun notis da ya fi wannan gajarta, amma ko shi ba a tsallake kotu a kansa. Alƙali ne kaɗai ke ba da umarnin fitar da mutum, ma'aikatan kotu ne ke aiwatarwa. Cire ƙofa, ɓalle kwano, sa kwaɗo, watsa kaya waje, turo samari da sanduna, babu ɗaya da doka ta yarda da shi, ko da ana bin ɗan haya bashin shekara biyu. A 1985 gwamnatin soja ta Jihar Legas ta tura jami'ai da makamai suka fitar da Odumegwu Ojukwu daga gidan da yake zaune a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu, a 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da wannan ɗaukar doka a hannu. In an hana gwamnan soja, ina ga mai ɗaki shida a bayan kasuwa? Amma Ojukwu yana da manyan lauyoyi. Gwauruwa a Maiyama kuɗin motar zuwa ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a a Birnin Kebbi ma aiki ne a gare ta, kafin a sa ranar zama ruwa ya gama da katifarta.

Tsarin mulkin 1999, a sashe na 16, ya ɗora wa gwamnati nufin samar wa kowane ɗan ƙasa matsuguni da ya dace. Masu wayo suka ajiye wannan a babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana a kai ƙara a kansa. Wato an yi maka alkawari, an kuma rubuta cewa ba ka da ikon tambaya. Amma akwai wani wuri da ciyamomi da kansiloli ba su son a karanta musu. A jadawali na huɗu, cikin ayyukan da aka lissafa wa ƙaramar hukuma, akwai kafawa da kula da gidajen marasa galihu da marasa ƙarfi, akwai kuma ƙiyasta gidajen mutane domin karɓar haraji. Harajin kam ba a mantawa da shi. Mai shago a Jega ya san masu rasit da fuska. Ɗaya aikin fa? Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. Aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa, amma masu cewa a ba su kuɗinsu su riƙe da kansu, sai su yarda a tambaye su me za su yi da su ban da kwalbati da fentin sakatariya.

Abin da nake nema ba sabon abu ba ne a duniya. A Ingila, dokar 2017 ta tilasta wa kowace ƙaramar hukuma ta shiga maganar mutum tun ana saura kwana 56 a fitar da shi, kada ta jira sai ya zo da kayansa a ka. A birnin New York na Amurka hukumar birni takan biya wa iyali bashin hayar da ya taru sau ɗaya don kada a kore su, bisa lissafin cewa ajiye iyali a gidan marasa muhalli ya fi wannan tsada nesa ba kusa ba. Na san abin da za a ce: waɗannan masu arziki ne. To, mu zo Gana. Dokar haya ta Gana ta 1963 ta hana karɓar kuɗin fiye da wata shida a gaba, amma masu gidaje a Ankara da Kumasi suka ci gaba da neman na shekara biyu. A Janairun 2023 gwamnatinsu ta buɗe shirin tallafin haya da jarin sidi miliyan 30: hukuma ta biya mai gida a dunƙule, ɗan haya ya riƙa mayarwa wata-wata. Aibin shirin shi ne sai ka nuna shaidar samun kuɗi a kai a kai, ka ga an sake barin mai talla a baya. Amma aƙalla sun gane inda ɗaki ke yoyo.

A nan gida an gwada doka kaɗai. A 2011 Legas ta yi dokar da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kawo ƙudurin da zai sa a Abuja a biya wata uku a farko sa'an nan a koma wata-wata, ya tsallake karatu na biyu, bai zama doka ba. Ta Legas ɗin ma da ta zama doka, ku tambayi 'yan'uwanmu da ke can ko ana binta. Dalili a fili yake. Mai gida yana neman shekara ne domin ba shi da wanda zai riƙe in ɗan haya ya gaza. Doka ta ce masa kada ka karɓa, amma ba ta tsaya wa kowa ba. Sai an sami mai tsayawa, mai kuɗi a hannu, kafin doka ta yi aiki.

Saboda haka ga abin da nake so mu nema, da murya ɗaya, a Jega da Aliero da Maiyama. Kowace ƙaramar hukuma ta sa layi guda a kasafin kuɗinta, asusun ceton 'yan haya. Wanda aka ba notis, ko ambaliya ko 'yan bindiga suka raba shi da gidansa, ya kai kukansa, a duba a ba shi amsa cikin mako biyu. Kada a ba shi kuɗin a hannu. A biya mai gida ta banki, shi kuma ya sa hannu cewa ba zai ta da iyalin ba har shekara ta zagayo. Ga gwauruwa da maras lafiya da ɗan gudun hijira ya zama kyauta, sau ɗaya. Ga mai ƙarfi a jika, irin mai kabu-kabu da ɗan dako, ya zama rance marar ruwa da zai riƙa zubawa mako-mako kamar adashe, a karɓi shaidar shugaban ƙungiyarsu a maimakon takardar albashi. Masu tantancewa su zama mai unguwa, liman, fasto, mace guda aƙalla, da jami'in jin daɗin jama'a, gama mai unguwa ya san wanda ya kwana da yunwa fiye da kowace kwamfuta a Abuja. Majalisar dokokin jiha kuma ta taƙaita kuɗin gaba a kan ƙananan ɗakuna, ta sa hukunci bayyananne a kan mai ɓalle rufi da mutane a ciki.

Nawa zai ci? Mu yi lissafin 'yan firamare. A ce ɗaki naira 60,000 ne a shekara, a ce iyali 500 ne suka shiga matsi a ƙaramar hukuma guda. Naira miliyan 30 ke nan, wani kaso ma zai dawo ta hanyar rance. Bai kai kuɗin sabuwar Hilux guda ɗaya ba, irin waɗanda ke wuce mu a hanyar Jega zuwa Birnin Kebbi su bar mu da ƙura. Duk wanda ya ce babu kuɗi, a tambaye shi motoci nawa ne a ayarinsa.

Na san hujjojin da za a kawo, na sha jinsu. Na farko, wai ana so a zalunci masu gidaje. Ni ban ɗauki mai gida abokin gāba ba. Da yawansu tsofaffin malamai ne da suka zuba kuɗin sallamarsu a ɗaki huɗu, wasu gwauraye ne da hayar nan ce abincinsu. Dattijon da ya ce ba haƙuri ake dafawa a gidansa ba, gaskiya ya faɗa, ko da yake abin da ya aikata mugunta ce kuma laifi ne. Asusun nan shi zai fara amfana, gama kuɗinsa zai shiga hannunsa ba tare da ya hau rufi ba. Na biyu, wai zai koya wa mutane lalaci. Wanda ke ɗaukar buhun albasa a ka daga safe har la'asar a zafin watan Afrilu, shi za a koya wa lalaci? Masu wannan magana galibi suna faɗinta ne a ƙarƙashin fanka. Na uku, wai za a cinye kuɗin. Mai yiwuwa ne. Ana karkatar da takin zamani kowace damina, ban taɓa jin wanda ya ce a daina rabon taki ba. Kuma gida ba ya ɓuya kamar buhu. Yana da unguwa, yana da mai shi, yana da maƙwabta. A manna a allon sakatariya kowane wata nawa aka biya a kowace mazaɓa, ba tare da an tona sunan kowa ba, littafin kuma ya kasance a buɗe ga masu binciken kuɗi.

Akwai wata magana da ta shafe mu musamman, ba zan kewaye ta ba. Da yawa daga cikin masu karanta wannan takarda an haife su a Jega ko Aliero, sun yi makaranta a nan, sun binne iyayensu a nan, amma ran rabon tallafi sai a ce su kawo takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Wani ma ɗan jihar ne, daga Zuru ko Yauri, amma a ce masa ya koma can ya karɓa. Alhali wa ya fi zaman haya in ba wanda ba shi da gidan gado a garin ba? In aka kafa asusun haya aka ɗaure shi da takardar asali, to an gina rijiya ne an hana mai ƙishi guga. Sashe na 42 na tsarin mulki ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa ko ƙabilarsa ko addininsa. Sharaɗi ya zama zama a gari, mai unguwa ya shaida. Kuma kada wani ya ɗauka kukan namu ne mu kaɗai. Bazabarme da Bafulatanin da aka kora daga rugarsa da Bahaushen da ya gudo daga Zamfara duk layi ɗaya muke da su a ƙofar mai gida, ruwan da ya zubo ta inda aka cire kwano bai tambayi kowa inda yake sujada ba. In za mu je, mu je tare da su.

Sauran magana tamu ce, 'yan'uwa, ku yi haƙuri da ni. Sa'ad da shugabanninmu suka sami ganin masu mulki, me muke roƙo? Kujerun Urushalima, buhunan Kirsimati, motar ofis. Kujera guda miliyoyin naira ce, ta isa ta riƙe iyalai da dama a ɗakunansu shekara guda. Ban ce ziyara laifi ce ba. Amma ban taɓa ganin takardar da muka miƙa wadda ta ambaci 'yan haya ko da layi ɗaya ba. Muna da asusun gini, asusun kayan kiɗa, asusun taron shekara, wanda aka ba notis kuwa sai dai a zagaya da faranti bayan sanarwa, a sa shi ya tsaya a gaban jama'a kansa a sunkuye. Shi ya sa da yawa ba su faɗa sai an riga an fitar da su, ya zama ihu bayan hari. Kuma a cikinmu akwai masu gidajen haya. Na san wanda yake zama a kujerar gaba ran Lahadi, ran Litinin ya sa wa ɗan'uwansa kwaɗo a ƙofa. Dattawan ikilisiya suna horon mutum a kan laifofi da yawa, wannan ban taɓa ji an kira wani a kansa ba.

Ina roƙon kowane sakataren ikilisiya ya ɗauki littafi ya zagaya a asirce, ya rubuta iyali nawa ke haya, watan da wa'adin kowa ke cika, nawa aka ba notis a shekara biyun nan, nawa suka rabu da 'ya'yansu saboda ɗaki. Ba a bukatar suna, adadi ya isa. A kawo wa ƙungiya kafin ƙananan hukumomi su zauna tsara kasafin baɗi a ƙarshen shekara, mu nemi limamai da shugabannin 'yan kasuwa da na masu kabu-kabu su kawo nasu, mu haɗa mu kai wa ciyamomin uku da 'yan majalisarmu na jiha a rubuce, mu karɓi shaidar sun karɓa. Wanda ya sake cewa a nan ba a kwana a waje, sai a buɗe masa littafin.

Ita kuwa 'yar'uwar tamu, na gan ta makon jiya tana kwashe ƙosai. Na tambaye ta yara, ta ce suna lafiya, na Kashin Zama sun aiko mata da albasa. Sai ta rage murya ta ce telar da ke ba ta wurin kwana za ta tashi daga shagon a ƙarshen wata, gama ita ma wa'adinta ya cika, an kuma ƙara mata kuɗi.